Girmama Uwa Sa'ad da Zama da Ita Ya Yi Wuya

Darasin nan domin manya ne, waɗanda suka riga suka kafa gidajensu, ko suka isa kafawa, amma har yanzu gabansu yakan faɗi idan aka ce musu, "Mama tana kira." Kafin a fara, bari mai jagora ya sa a karanta Farawa sura 27 duka, da Markus 3:20-35. Kada ya tilasta wa kowa ya tona asirin gidansu a gaban jama'a. Wanda ya yi shiru, wataƙila shi ne darasin ya fi shafa.

A ƙasarmu mutum yana iya kai kukan ubansa wurin dattawa, su saurare shi. Amma in ya buɗe baki a kan uwarsa, kafin ya gama sai a ce, "Kai, uwa ce fa! Ka yi haƙuri." Shi ke nan magana ta mutu. Akwai dalili kuwa, gama mun san abin da iyayenmu mata suka sha. A Keana aikin gishiri yana hannun mata tun zamanin kakanni. Da rani sukan ɗebo ruwan gishiri su yayyafa a kan ƙasa, rana ta busar, su kankare ƙasar, su zuba cikin tukwane, su tace, su tsaya a bakin wuta da hayaƙi har gishiri ya fito. Akwai malamai da ma'aikata da masu wa'azi waɗanda da wannan wahala aka biya musu kuɗin makaranta. Wa zai iya duban irin wannan mace ya ce tana da laifi?

Duk da haka, cikin kowace ekklesiya akwai ɗan da uwarsa ta fifita ƙanensa a kansa tun suna yara. Akwai 'yar da ba ta taɓa jin kalmar yabo daga bakin uwarta ba. Akwai magidancin da uwarsa ta rantse sai ta raba shi da matarsa. Akwai kuma wanda kullum ake yi masa barazana da baki: "In ba ka yi abin da na ce ba, ba za ka ga da kyau ba." Waɗannan 'yan'uwa suna zuwa sujada, suna jin wa'azin doka ta biyar, suna komawa gida da kaya biyu, watau ciwon da ke zuciyarsu, da tunanin cewa jin ciwon ma zunubi ne. Littafi Mai Tsarki bai rufe musu baki kamar yadda mu muke yi ba.

Rifkatu da Yakubu

Mu lura da fari, Yakubu ba yaro ba ne a cikin labarin nan. Shi da Isuwa tagwaye ne, Farawa 26:34 kuwa ta nuna Isuwa ya riga ya kai shekara 40 sa'ad da ya yi aure, tun kafin wannan al'amari. Ashe babban mutum ne uwarsa ta kira gefe, ta aike shi garke ya kamo 'yan awaki biyu, ta sa masa tufafin wansa, ta rufe masa hannuwa da wuya da fatar akuya, domin ya ruɗi tsohon ubansa wanda idanunsa suka dushe.

Rifkatu ba muguwar mace ba ce. Ita ce budurwar nan mai kirki wadda ta shayar da raƙuman baƙo a bakin rijiya. Tana ƙaunar Yakubu ƙwarai. Har ma tana da maganar da Allah ya faɗa mata tun 'ya'yan suna ciki, cewa babban zai yi wa ƙaramin bauta. Amma gidan ya riga ya rabu biyu, uba yana da nasa ɗa, uwa tana da nata, sai ta ga ya kamata ta taimaki Allah da dabara. Yawancin iyaye mata masu wuyar zama haka suke. Suna ƙauna, amma ƙaunar ta gauraya da tsoro da son mulki, har ita kanta uwar ba ta iya raba su.

Me Yakubu ya ce? Bai ce wannan ƙarya ce ba, bai ce zunubi ne ba. Abin da ya dame shi kaɗai shi ne kada uban ya shafa jikinsa ya gane, la'ana ta sauko maimakon albarka. Uwar ta ce ita za ta ɗauki la'anar, shi dai ya ji maganarta. Ya kuwa ji.

Bari mu bi sawun wannan biyayya. Rifkatu ta ce ya gudu wurin ɗan'uwanta Laban ya zauna 'yan kwanaki, har fushin Isuwa ya huce, sa'an nan za ta aika a kira shi. 'Yan kwanakin nan suka zama shekara 20. Ba mu karanta ko'ina ta aika ba, ba mu kuwa karanta sun sake ganin juna ba. Littafin ya ba da labarin mutuwar Debora, mai renon Rifkatu, har da itacen da aka binne ta a gindinsa, amma ranar mutuwar Rifkatu kanta bai faɗa ba. La'anar da ta ce za ta ɗauka, ba ta iya tare wa ɗanta ba. Shi wanda ya ruɗi ubansa cikin duhun makanta, aka ruɗe shi cikin duhun dare da Lai'atu. Shi wanda ya yi ƙarya da tufa da akuya, 'ya'yansa suka kawo masa rigar Yusufu da suka tsoma cikin jinin akuya. Abin da ya fi ban tausayi kuwa, Yakubu ya ɗauki halin nan na fifita ɗa guda, wanda ya rushe gidan ubansa, ya kai shi cikin nasa gida. Mu da muke kuka da halin iyayenmu mata, sai mu duba da kyau ko ba mu fara shayar da 'ya'yanmu daga ƙwarya ɗaya ba.

Girmamawa da biyayya

A Afisawa 6:1-3 Bulus ya ajiye kalmomi biyu kusa da juna. Ya umarci 'ya'ya su yi biyayya, ya kuwa sa mata iyaka, cewa cikin Ubangiji za a yi ta. Sa'an nan ya kawo dokar girmamawa daga Fitowa 20:12. Biyayya irin ta yaro tana da lokacinta, tana kuma raguwa yayin da mutum yake girma, har Farawa 2:24 ta ce ranar rabuwa tana zuwa, sa'ad da namiji zai bar iyayensa ya manne wa matarsa. Girmamawa kuwa ba ta ƙarewa sai kabari.

Kalmar da aka juya "girmama" a Ibrananci ta fito daga tushen da ke nufin nauyi. Kalmar zagin iyaye kuma, a Fitowa 21:17, ta fito daga tushen da ke nufin rashin nauyi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa, gama mu ma mukan ce muna jin nauyin mutum. Dokar tana bukata mu ɗauki uwa da nauyi: maganarta mu auna ta, bukatarta mu biya ta, sunanta mu tsare shi. Ba ta ce uwa ta zama Allah ba.

Sarakuna biyu sun nuna mana wannan. Sa'ad da Bat-sheba ta shiga wurin Sulemanu da roƙon Adonija (1 Sarakuna 2), sarki ya tashi ya tarye ta, ya rusuna, ya sa aka kafa mata kujera a damansa. Da ya ji roƙon, ya ƙi. Ba mu ɗauki abin da ya yi wa Adonija daga baya abin koyi ba, kuma da ya jira ya ji maganar kafin ya yi alkawarin ba zai hana ta ba, da ya fi. Amma ga rusunawa ga ƙi a zama ɗaya, ɗaya bai kore ɗaya ba. Asa kuma, wanda ya yi sarauta shekara 41 a Urushalima, ya tuɓe Ma'aka daga matsayin uwar sarki saboda gunkin da ta yi, ya sare gunkin ya ƙone shi a rafin Kidron (1 Sarakuna 15:13). Ya karɓe ikon da take ɓata jama'a da shi. Ba a rubuta ya taɓa lafiyarta ko ya kore ta ba.

Ubangijinmu da uwarsa

Maryamu mai albarka ce cikin mata, ba mu kuwa lissafta ta tare da Ma'aka ba. Amma ko a wannan gida an sami ranar da uwa ba ta fahimci ɗanta ba. Yana da shekara 12 ya koma Nazarat tare da su yana yi musu biyayya. Da ya girma ya shiga aikinsa, a bikin Kana ya nuna mata da ladabi cewa lokacin aikinsa ba a hannunta yake ba. Markus kuma ya gaya mana danginsa sun fito su kama shi, domin ana cewa hankalinsa ya taɓu. Uwarsa da 'yan'uwansa suka tsaya a waje suka aika a kira shi. Bai bar koyarwa ya bi su gida ba. Ya dubi waɗanda ke zaune kewaye da shi, ya ce masu aikata nufin Allah su ne danginsa.

Wani zai so ya tsaya nan, domin ya sami hujjar yar da uwarsa. Kada ya yi hanzari. Wannan Yesu ɗin ne ya tsauta wa Farisawa a Markus 7:9-13, saboda sun koya wa mutane su ce dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah, domin su hana iyayensu. Wanda yake ba da baiko mai yawa a ekklesiya a kira sunansa, uwarsa kuwa tana kwana a ɗaki mai yoyo, ya karanta wurin nan sau biyu. Shi ne kuma, yana kan gicciye cikin azaba, ya dubi uwarsa ya danƙa ta a hannun Yohanna, almajirin ya kai ta gidansa tun daga wannan sa'a. Ya ƙi ta mallaki aikinsa, bai kuwa taɓa sauke nauyinta ba. Bayan tashinsa, Ayyukan Manzanni 1:14 ta nuna mana Maryamu da 'yan'uwan nan nasa suna addu'a tare da almajirai.

Tsoron baki

Abin da ya fi ɗaure mutanenmu shi ne tsoron bakin uwa. Albarkar iyaye abin nema ce, wanda ya same ta ya sami babban rabo, wanda kuma ya sa uwarsa hawaye da mugun halinsa yana da dalilin jin tsoro, gama Allah yana gani. Amma Misalai 26:2 ta kwatanta la'anar da ba ta da dalili da tsuntsu mai yawo a sama wanda ba ya sauka. In uwa ta tsine wa ɗanta domin ya ƙi sakin matarsa marar laifi, ko domin ya ƙi zuwa wurin boka, ko domin ya ƙi cin kuɗin ofis ya gina mata gida, bakin nan ba shi da wurin sauka. Allah ba ya sa hannu a kan hukuncin da ya saɓa wa maganarsa.

Yaya za a yi a aikace? Matan Keana sun san gishiri ba ya fitowa daga ƙasa da tsabta. Da turɓaya yake zuwa. Ba su zubar da shi saboda turɓayar, ba su kuwa zuba turɓayar a miya; tacewa suke yi. Haka za mu yi da maganar uwa mai zafin baki. Cikin faɗa goma wataƙila akwai gaskiya ɗaya da ba wanda zai gaya mana sai ita. A tace a riƙe wannan, sauran a bar shi a tukunya.

In ya zama dole a ƙi, a ƙi a durƙushe, a ɗaka, ba a tsakar gida ba. Ɗa yana iya cewa, "Mama, na ji maganarki, na kuma san don ni kike yi. Amma wannan abu ba zan iya ba. Ga kuɗin maganinki, ranar Asabar kuma zan zo." Ba sai ya yi gardama har ta yarda ba, mai yiwuwa ba za ta yarda ba har abada. Muna kuma gargaɗin maza: kada magidanci ya ɓuya a bayan matarsa ya ce ita ce ta hana. Rigingimu da yawa tsakanin uwar miji da matar ɗa, tushensu namiji ne matsoraci wanda yake gaya wa kowacce abin da take so ta ji.

Ƙi ta hanyar ƙarya kuwa ba ya warkar da kome. Augustin, babban malamin ekklesiya, ɗan Afirka ne, an haife shi a shekara ta 354 a Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Uwarsa Monika mace ce mai addu'a da hawaye, amma ta riƙe shi da ƙarfi. A shekara ta 383, da ya yi niyyar tafiya Roma, ta bi shi har bakin teku a Kartaj. Ya ruɗe ta ya ce abokinsa yake rakiya, ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin addu'a, da dare ya shiga jirgi. Ta bi shi har Milan. Ya karɓi baftisma a shekara ta 387, a shekarar kuma ta rasu a Ostiya tana da shekara 56, suna cikin salama da juna. Da ya rubuta labarin daga baya, ya furta ƙaryar nan a matsayin zunubi, bai kuwa ɓoye cewa ƙaunarta ta haɗu da son ta riƙe shi kusa fiye da kima ba. Ya faɗi gaskiya biyun a gaban Allah, sunan uwarsa bai ragu ba.

Uwar da ba ta bin hanyarmu

Tun shekara ta 1916, sa'ad da masu bishara na Sudan United Mission suka fara aiki a Keana, aikin da ekklesiyar ERCC ta fito daga cikinsa, masu bi a wannan ƙasa suke zaune cikin dangi masu addini dabam dabam. Gida ɗaya yakan tara Kirista da Musulmi da mai bin al'adar kakanni. Uwar da ɗanta ya bar hanyarta takan ji kamar ita ya ƙi. Ba da muhawara za a cire mata wannan ba. Rabonta na hatsi kada ya ragu, gaisuwa kada ta yanke, ranar sallarta a kai mata abin da ya kamata, kada kuma a koya wa jikoki su rena ta. Maƙwabtanmu Musulmi suna ɗaukaka darajar uwa ƙwarai, suna kuwa duban yadda muke riƙe namu.

A nan dole mu yi magana mai zafi. Akwai masu kiran kansu annabawa waɗanda, in mutum ya je musu da rashin haihuwa ko karayar ciniki, sai su ce uwarsa ce mayya. Wanda zuciyarsa ta riga ta yi tsami da uwarsa yakan karɓi wannan da sauri, gama ya sami suna ga tsohon ciwonsa. Ta haka aka kori tsofaffi daga gidajen da suka gina, aka duki waɗansu, waɗansu ma aka kashe. Dokar Nijeriya ta hana a zargi mutum da maita, a watan Yuli na shekarar 2021 kuma hukumar kare hakkin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan wannan ɓarna. Likitoci sun bayyana cewa akwai ciwon ƙwaƙwalwa na tsufa, wanda ke sa tsohuwa ta manta sunan 'ya'yanta, ta yi yawo da dare, ta zagi mai jinyarta, har ta amsa laifin da ba ta yi ba. Asibiti za a kai ta. Uwa tana iya zama mai faɗa, mai son kai, mai rashin adalci, mu faɗi wannan da sunansa. Amma kada bakin mai bi ya furta kalmar da za ta sa a ɗauki sanda a kanta.

Gafara, da abin da ba ya hannunmu

Akwai waɗanda uwa ta yi musu rauni na gaske, har zama wuri ɗaya ya zama hatsari ga lafiyarsu ko ga aurensu. Waɗannan ba su yi zunubi ba in sun ja da baya. Dawuda, cikin kwanakin gudunsa, ya kai iyayensa wurin sarkin Mowab ya ajiye su (1 Sama'ila 22:3-4). Ana iya ɗaukar nauyin uwa ta hannun wani: kawu, ko dattijon ekklesiya, ko wata amintacciya cikin Zumuntar Mata. Abin da 1 Timothawus 5:8 ta hana shi ne a bar ta ba mai kula. Mu kuma tuna, sau da yawa 'yar da aka fi tsangwama ita ce take zaune a gida tana wanki da jinya, 'yan gatan kuwa suna Lafia ko Abuja suna aiko da kuɗi ta waya. Kuɗi ba ya juya majinyaci a kan gado. Su zo su karɓe ta, ko na mako ɗaya.

Gafara aikinmu ne, za mu iya yin ta mu kaɗai a gaban Allah, wanda ya gafarta mana cikin Kristi. Sulhu kuwa sai da mutum biyu, shi ya sa Romawa 12:18 ta ɗora mana iyakar abin da ke wajenmu kaɗai. Kada mu jira ranar da tsohuwa za ta ce, "Ɗana, na yi maka laifi." Mutanen zamaninsu ba su saba da wannan magana ba. Wata za ta aiko da ƙullin gishiri da daddawa ba tare da saƙo ba, wata za ta tambaya ko yaran sun ci abinci. Mai hikima yakan gane abin da ake nufi, ya karɓa. Wata kuwa ba za ta yi ko wannan ba. Ga 'ya'yanta aka rubuta Zabura 27:10 da Ishaya 49:15, inda Maganar Allah ta yarda a fili cewa uwa tana iya yashe ɗanta, tana iya mantawa da shi, Ubangiji kuwa shi ne mai ɗauka. Bari mai jagora ya sa a karanta ayoyin nan biyu a hankali, a yi shiru kaɗan kafin addu'a.

Saura waɗanda uwarsu ta riga ta rasu ba a shirya ba. Yakubu ɗan'uwansu ne. Ya yi shekara 17 na ƙarshen ransa a Masar, cikin daraja, a ƙarƙashin inuwar Yusufu. Da ajalinsa ya kusa, ya tara 'ya'yansa ya umarce su kada su binne shi a can. Ya kwatanta musu kogon Makfela a ƙasar Kan'ana, ya lissafta waɗanda ke kwance a ciki, Ibrahim da Saratu, Ishaku da Lai'atu, a tsakiyarsu kuma ya ambaci sunan Rifkatu. 'Ya'yansa suka ɗauke shi daga Masar, suka kai shi can.